Ɗan Riƙon da Na Ɗauko a Ngaundare

Bari in fara da gyara, don na gaji. Ban je Kamaru neman miji ba, kamar yadda matan layinmu suke yaɗawa. Ban je sarin atamfa ba. Ku kuma 'yan kwayar coci da kuke cewa na je wani babban kamfani na sayo firogiram a hannun Bature, ku saurara: babu kamfani, babu Bature, ban sayi komai ba. Tsoho ɗaya na tarar mai ciwon ido, da matarsa, da kajinsu. Tun da na dawo Kafanchan kowa ya tare ni sai ya ce, "Rifkatu, yaya can ɗin yake?" To, ga shi na rubuta. Wanda ya sake tambayata, takardar nan zan miƙa masa in wuce.

Ina buga takardu a shagon Oga Obinna, kusa da tashar jirgi. Babansa direban jirgin ƙasa ne, a nan aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasunmu gudu, sai dai komai namiji ne a bakinsa, har matarsa. Komfuta ɗaya ce a shagon. Tsarin da ke tafiyar da ita irin na kyauta ne da yake zuwa a faifan sidi, kowa ya kwafa ya ba wani, babu laifi. A cikin faifan akwai rumbu guda na firogiram iri-iri da mutane daban-daban suka rubuta. Ɗaya daga ciki mai jera waƙa ne: ka ba shi kalmomi da do-re-mi, ya ɗora kowace murya daidai kan gaɓarta, shafi ya fito kamar na littafin waƙoƙin coci.

Da shi nake buga waƙoƙin Mama Asabe. Ga wanda bai sani ba, ita ta riƙe ni tun uwata ta rasu ina goye. 'Yar Kagoma ce, ba danginmu ba, maƙwabciya ce kawai da suke zumuntar matan coci ɗaya da uwata. Waƙoƙin da matan zumunta suke yi da tulu da kacau-kacau, da yawansu daga bakinta suka fito, kuma ba ta taɓa rubuta ko ɗaya ba. Malamin kwaya ya zauna da ita ya ɗauki muryoyin, ni na buga, aka ce littafi zai fito kafin Kirsimeti. Tun tsakiyar damina kuwa ƙafafunta suka kumbura, likita ya ja ni gefe ya ce in akwai abin da muke so ta gani, mu hanzarta.

Sai wata rana wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙone cikin komfutar. Waƙoƙin sun tsira, suna kan diski a cikin gwangwanina. Oga ya samo sabon faifai wurin abokinsa a Sabon Tasha, ya ɗora komai, komai ya tashi, ban da mai jera waƙa. Shi an rubuta masa cewa ya lalace.

"Oga, ba kai ka gyara shi wancan karon ba, da ya yi irin wannan gardamar?"

"Ni na gyara shi mana. Na taɓa wani wuri, ya tashi."

"Wane wuri?"

"Haba Rifkatu! Abin da na ci jiya ma ban tuna ba."

A 'yar takardar bayanin firogiram ɗin akwai layi mai sunan wanda yake kula da shi, wani Etiyen, da adireshin wata maɗaba'ar coci a Ngaundare ta ƙasar Kamaru. Wani abokin Oga a Jos mai imel ya aika saƙo, shiru. Ya sake, shiru. Ni kuwa ba a halicce ni da jira ba. Na ce wa Mama zan je da kaina.

Ta ce, "Ke dai ƙasa ba ta riƙe ki. To ki ɗauki citta. Ba a shiga gidan mutane hannu rabbana."

Daga Kafanchan zuwa Jos babu labari, kun san hanyar. Daga Jos na shiga motar Yola, a wannan wahalar mai da ta sa direba yake tsayawa wurin 'yan bumburutu yana sansana galan kamar mai sayen man ja. Oga ya gargaɗe ni: kada diski ya sha rana, kada ya kusanci maganaɗisu. Sai ga shi kujerata dab da wata ƙatuwar lasifika.

"Direba, lasifikar nan tana da maganaɗisu?"

"Tana da me?"

"Ka kashe ta ko ka canza mini wuri!"

"Sista, motar babanki ce?"

Wata mata mai jiki a gabana ta waiwayo ta ce, "Ke 'yar nan, kawo jakar." Ta ɗora a cinyarta ta rufe da mayafi, ba ta ko tambayi abin da ke ciki ba. Hajiya Dudu ke nan, 'yar Garwa, tana sarin robobi daga Najeriya. Ta tambaye ni garinmu, na ce Kafanchan.

"Garin rigima?"

"Garin citta," na ce. Ta yi dariya har ta tuntsire, ta miƙo mini dabino.

A Jimeta gidan ƙanwarta muka sauka. Zafin garin ba a magana, ruwan randa ma kamar an ɗora shi a murhu. Da magariba suka shimfiɗa mini darduma, na ce ni Kirista ce. Hajiya ta naɗe dardumar ta ce, "To ki yi taki, ki sa mu a ciki." Na sa su.

Washegari muka kama hanyar Gurin, bakin iyaka. Iyakar ruwa ce, kogin Faro, sai da kwalekwale. Ni da ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba, na ƙanƙame jakata a ka, na rufe ido, ina jin mai tuƙi yana tsokanata wai kada in ji tsoro, kadojin nan ba sa cin masu tsiwa. A can hayin wani jandarma ya zazzage jakata a kan tebur. Ya ɗaga faifan sidi yana kallon fuskarsa a ciki, ya yi magana da Faransanci, ya sake da Fillanci. Hajiya ce tafinta.

"Ya ce ina takardar shagon da kika saya."

"Ki ce masa ba sayarwa ake ba. Masu shi ne da kansu suka ce kowa ya kwafa."

Ta faɗa masa. Ya kira abokin aikinsa, suka yi ta dariya.

"Ya ce a duniyar nan abin kyauta zazzaɓi ne kawai. Ya ce waɗannan ƙananan fa?"

"Waƙoƙi ne."

"Ya ce bai ji komai ba." Ya ma kara diskin a kunne, don rainin hankali. "Ya ce in waƙa ce, ki yi."

Raina ya ɓaci, amma na yi. Ta Mama na ɗauko, wadda take cewa, "Riƙe ni, Uba, hanya da santsi, riƙe ni kada in zame." Ban kai ƙarshe ba ya tattara mini kayana da hannunsa, har ya ɗaure bakin ledar cittar da ya kwance.

A Garwa na rabu da Hajiya. Abin da na fara gani a garin shi ne manyan mutane da riga mai kyau suna tafe da dogon burodi a hammata, babu leda, babu takarda. A Kafanchan ka yi haka yara su bi ka da waƙa. Amma tashar motarsu ta ba ni kunya. Ka karɓi tikiti ka zauna, in lokaci ya yi a kira sunanka, ka shiga. Ni da na riga na ɗaure zani na shirya kokawar bakin ƙofa irin tamu, sai na tsaya sororo, har aka kira ni da wani irin lanƙwasa suna da ban gane nawa ba ne sai da aka maimaita.

Mota ta yi ta tafiya a zafi, can ta fara hawan dutse tana nishi, iska ta canza. Da muka sauka Ngaundare sai na ji kamar an mayar da ni gida: sanyi-sanyi, jar ƙasa, bishiyoyin mangwaro, ga kukan jirgin ƙasa daga nesa. Na isa maɗaba'ar da tsakar rana na tarar da ita a kulle. Ashe can in rana ta take kowa gida yake tafiya ya ci abinci ya kwanta, ko da gobara ake. Na zauna a dakali ina cizon yatsa har aka buɗe. Wata mai haɗa littattafai ta ce Baba Etiyen ya daina zuwa aiki, ta nuna mini hanyar gidansa.

Matarsa, Mama Odet, ta buɗe ƙofa. Kafin in durƙusa in gaishe ta, ta kama ni ta sumbaci kumatuna, dama da hagu. Na daskare. Ta karɓi cittar ta sansana ta yi wata ƙara ta murna, ta zaunar da ni gaban miyar shuwaka da gyaɗa, da wani rogo dogo naɗe a ganye mai tsamin wari.

"Mama, wannan bai lalace ba?"

Daga cikin ɗaki wata murya ta ce da Hausa tsantsa, "Haka yake, 'yata. Ki ci, gobe da kanki za ki nema." Gaskiyarsa.

Baba Etiyen siriri ne, da farin gashi, idanunsa biyu sun yi yana. A Jos ya koyi Hausa yana saurayi, lokacin da aka aika shi koyon ɗaukar murya a faifai. Da na faɗa masa daga inda nake da abin da ya kawo ni, sai ya ɗago kai ya ce:

"Daga Kafanchan? Ana amfani da shi a Kafanchan?" Ya juya wajen matarsa. "Odet, kin ji?"

"Baba, mun aiko saƙo ba ka amsa ba."

"Saƙonni suna nan jibge. Ba na ganin allon. Na yi ta cewa gobe ido zai washe."

"Ba kai ka rubuta firogiram ɗin ba?"

"A'a. Wani malamin makaranta ne a wata ƙasa mai sanyi, ban taɓa ganinsa ba. Don kwayar cocinsu ya yi, a kan wani irin inji da ba namu ba. Ni riƙo na karɓa."

Ya bayyana mini a hankali, ni kuma ina katse shi. Abin da mai riƙo yake ajiyewa a rumbun ba firogiram ɗin ba ne kansa. 'Yar takarda ce mai cewa: ga inda za a ɗauko shi, ga abubuwan da yake buƙata kafin ya tashi, ga kuma facin da za a manna masa don ya zauna a irin injinmu. Faci dai kamar na tela, 'yan layuka ne: cire wannan, sa wannan. Kowa a injinsa yake haɗa abinsa, kamar a ba ki tsaba da kwatancen girki, ki dafa a tukunyarki. In uban firogiram ya fitar da sabo, mai riƙo ya gwada. In tsarin ya canza faci ya daina zama, ya yanka wani. In wani ya kawo kuka, shi zai amsa. In ya gama ya aika wa masu riƙe da makullin rumbu, su duba su saka. Daga can ake kwafa zuwa manyan injuna ƙasa-ƙasa, a buga a faifai, faifai ya bi hannu-hannu har ya iso shagon Oga.

"Wa yake biyanka?"

Mama Odet ta ƙyalƙyale da dariya daga madafa. Ashe tana jin Hausa in ta ga dama.

"In mai riƙo ya yi shiru fa?"

"Su jira. In abin ya ƙi tashi su rubuta masa ya lalace, kamar yadda kika gani. In an daɗe babu wanda ya ce a ba shi, sai a fitar da shi daga rumbu."

Na ce ai Oga ya taɓa gyara wannan matsalar, ya manta yadda ya yi.

"Ya gyara? Ya aika wa wa?"

"Babu kowa."

"Ya gyara ya sa a aljihu?"

Sai na ji ina kare Oga. Na ce haka ake yi a wurinmu. Bakanike in zai taɓa kafireto baya yake juya maka. Mai gyaran rediyo cewa yake ka je ka dawo, don kada ka ga inda ya sa hannu. Sirrin sana'a ke nan.

Baba bai yi faɗa ba, ya ce kawai, "Da ya aiko mini lokacin ina gani, da facin ya shiga faifan da ke jakarki. Da yanzu kina gefen mamarki."

Wannan maganar ta zauna mini a ƙirji.

Aikin kuwa haka muka yi shi: ni ce ido da hannu, shi ne kai. Ya kishingiɗa a kujera, ni ina gaban tsohuwar komfutarsa, na ɗora faifan da na zo da shi. Mu sa ta haɗa firogiram, rubutu ya yi ta gudu, can ya tsaya da ƙorafi. In karanta masa.

"A hankali, 'yata. Ba tseren keke ba ne. Layin sama da wannan."

In karanta. Ya ce buɗe wuri kaza, sauka ƙasa, me kika gani? Mu canza, mu sake. Ta sake tsayawa. Rana ta farko na buga tebur har kaza ta tashi daga ƙarƙashinsa. Ya ce, "Injin ba ya jin tsoro, na gwada." A rana ta biyu na fara gane ƙorafin kafin ya yi magana. Ashe wani abu da firogiram ɗin yake jingina da shi ne aka sauya wa wuri da suna a sabon tsarin, shi kuma yana ta nemansa a tsohon gida. Da muka nuna masa sabon wurin, rubutu ya gudu har ƙarshe bai tsaya ba. Na sa diskin Mama, firinta ta yi kukanta, shafi ya fito, muryoyi huɗu a jere kan kalmomi.

Na miƙa masa, ya shafa takardar da tafin hannu. "Ba na gani. Karanta mini da murya."

Na fara rerawa. A baiti na biyu ya shigo da murya ta ƙasa, daidai, kamar tare muka tashi a zumunta. Mama Odet ta fito da ludayi a hannu ta tsaya a bakin ƙofa.

Nan take na fara haɗa kaya. Ya ce, "Ina za ki? Ba mu gama ba."

"Baba, ya tashi!"

"A nan ya tashi, zai tashi a Kafanchan. Na wasu fa? Sai mun aika facin ga masu rumbu, mun kuma gaya wa uban yaron abin da ya same shi."

"Mamata tana kwance!"

"Na sani. Motar Garwa sai safe. Ba za ki rasa komai ba sai fushi."

Muka je maɗaba'ar, inda layin waya yake, ina riƙe da hannunsa. Ya faɗa na rubuta. Da muka zo layin sunan mai riƙo ya ce in tsaya.

"Barin sunana a nan ƙarya ne. In an bar shi babu suna, maraya ne. Ko za ki sa naki?"

"Ni? Ni taipis ce, Baba. Sakandare kawai na gama. Ban iya rubuta firogiram ba."

"Riƙo ba haihuwa ba ne. Ki gwada shi in sabo ya fito. Ki amsa wa mai kuka. Abin da ya fi ƙarfinki ki tambaya, akwai masu amsawa. Babban abin shi ne kada a kira a ji shiru, kamar yadda kuka ji."

Na ce a'a. Ya ce to. Muka rubuta cewa mai riƙo idonsa ya gaza, wurin yana buɗe. Da safe kafin in tafi tasha muka leƙa, ga amsa daga wani da ban san ƙasarsa ba: an gode, faci ya shiga, a gaida tsoho da jiki, wa zai karɓa?

A mota ina ta tunanin wani abu. Kowace shekara bayan girbi Mama takan yi mini kitso, ta sa mini rigar coci, mu hau mota zuwa Manchok wurin dangin babana. Ta tsayar da ni a gabansu ta ce, "Ga 'yarku. Ta yi ƙyanda ta warke. Ta shiga aji uku. Bakinta ne dai sai addu'a." Ina jin haushin tafiyar nan ƙwarai, don su ko alewa ba sa ba ni. Na taɓa tambayarta dalili, ta ce ɗan riƙo ana kai labarinsa gida.

Komowa ba ta da dogon labari. Jandarman nan ya gane ni, ya ɗaga mini hannu yana rera waƙar da hancinsa, ba daidai ba. A kwalekwale na buɗe ido ɗaya. Na sauka Kafanchan ban je gida ba sai shago. Na manna facin da hannuna, injin Oga ya haɗa, ya tashi.

"Kai! Wannan yarinya ya zama injiniya!"

"Oga, daga yau in ka taɓa wani wuri, ka faɗa."

"Na ji, Madam."

Shafukan farko na kai wa Mama tare da malamin kwaya. Ta rame, amma idonta yana nan. Ba ta iya karatu ba, sai shi ya riƙa rerawa daga takarda. Yana cikin ta uku ta ɗaga yatsa.

"Tsaya. A nan ba sauka nake ba, hawa nake."

Ya duba, ya ce haka ya rubuta. Ta ce to ya rubuta ba daidai ba, ta rera masa da ɗan numfashin da ya rage mata. Na koma shago na gyara. Littafin ya fito kafin Kirsimeti. Mama tana nan, yau da sauƙi gobe babu, littafin yana kan ƙirjinta, duk wanda ya zo dubiya sai ya buɗe ya yi mata ɗaya kafin ta sallame shi.

Ranar da na ba ta labarin Baba Etiyen, na faɗa mata abin da ya roƙe ni da amsar da na ba shi. Na ce ban iya ba.

Ta dube ni ta ce, "Da aka miƙo mini ke, wa ya tambaye ni ko na iya? Kuka kike yi, na ɗauka."

Saboda haka ranar Asabar zan shiga motar Jos, in je wurin abokin Oga mai imel, in aika da sunana a sa a layin nan. Daga nan kuma duk Asabar ta biyu can za ku same ni, ina duba ko wani ya kira. Mai takardar bugawa ya kawo ta Jumma'a.